Zanen Aro: Sauye-sauyen Akwatin Imel da Zaɓen Manhajar Wasiƙa ta Kwamfuta, Waiwaye daga Kademi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a yi bayani a kan wata matsala da ke damun ɗalibai da malamai, ko da yake ba safai ake zama a tattauna ta ba, watau yadda kamfanonin da ke ba da akwatin imel kyauta suke sauya fasalinsa da ƙa'idojinsa a duk lokacin da suka ga dama, da kuma dabarar da mai akwatin zai yi don kada sauyin ya tafi da wasiƙunsa. An ɗauki Kademi a matsayin madubi. Kademi gari ne a Ƙaramar Hukumar Gaya, a gabashin Jihar Kano, cikin yankin da ya haɗa Gaya da Ajingi. Ɗalibin da ya fito daga can yakan yi karatu a Wudil ko Dutse ko cikin birnin Kano, amma hutunsa, da wani babban kaso na rubutun kundinsa, a gida yake yin su, inda wutar lantarki da sabis ɗin waya ba su da tabbas. Abin da mazaunin birni zai ɗauka ɗan canjin ado ne a fuskar shafi, a wajen wannan ɗalibi yana iya zama shamaki tsakaninsa da gyaran da malaminsa ya aiko.

Ba kuwa ƙaramin abu ne ke cikin akwatin ba. Mai neman shiga jami'a yana bukatar adireshin imel wajen rajistar jarrabawar JAMB, mai shirin bautar ƙasa yana bukatarsa a shafin NYSC, haka kuma mai neman rancen karatu na NELFUND, wanda aka buɗe a 2024. Wanda akwatinsa ya kuɓuce masa, sau da yawa mabuɗin waɗannan ƙofofi ne ya kuɓuce.

Ya kamata a tsaya kaɗan a kan kalmomin. "Imel" kalmar aro ce daga Ingilishi, ta shigo bakin Hausawa ta zauna daram. "Manhaja" kuwa daga Larabci take, kuma malaman makaranta sun daɗe suna amfani da ita da ma'anar tsarin darussa, kafin ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗa da tsarin umarnin da kwamfuta ko waya ke bi. A nan za a kira babbar kwamfutar kamfani, inda wasiƙu ke sauka, da sunan "rumbu", domin aikinsu ɗaya da rumbun hatsi: a zuba, a ajiye, a ɗiba.

Hanyoyi biyu na karanta wasiƙa

Wanda ya san akwatin gidan waya na dā ba zai sha wuyar gane lamarin ba. Wasiƙa ba ta zuwa gidan mutum kai tsaye. Tana sauka a akwatin da aka ba shi, shi ne zai je da mabuɗi. Imel ma haka yake. Ƙa'idar aikawa, wadda ake kira SMTP, Jon Postel ne ya rubuta ta a 1982, kuma har yau a kanta ake tafiya. Inda hanya ta rabu biyu shi ne wajen ɗauko wasiƙar.

Hanya ta farko ita ce mutum ya buɗe burauza, ya shiga shafin kamfani, ya karanta a can. Wannan ita ce hanyar da Hotmail ya yaɗa daga 1996, Yahoo ya biyo baya a 1997, sa'an nan Gmail ya fito ranar 1 ga Afrilu 2004 da ma'ajiya mai gigabait 1, a lokacin da Hotmail ke ba da megabait 2 kacal. Da wannan hanya akasarin Hausawa suka san imel, a shagunan intanet na Kano inda ake biyan kuɗin awa. Amfaninta a fili yake: ba a bukatar mallakar kwamfuta. Illarta ita ce komai na kamfani ne, daga ɗakin karatun har kujerar zama. Idan babu sabis, babu wasiƙa, ko da ta bara ce.

Hanya ta biyu ta girmi ta farko, ko da yake a ƙasar Hausa ba ta yi suna ba. Ita ce a girka manhaja a cikin kwamfutar mutum, ta riƙa zuwa rumbu tana ɗebo wasiƙu tana ajiyewa a gida. Irin su Eudora, wadda Steve Dorner ya fara a 1988, da Pegasus Mail ta David Harris, duk sun riga Hotmail. Adireshin bai canza ba, kamfanin ma bai canza ba. Wurin karatu da wurin ajiya ne suka dawo hannun mai wasiƙa.

Sauye-sauyen da suka auku

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma tarihin akwatin kyauta ya gaskata su. A 2013 kamfanin Microsoft ya kwashe masu Hotmail gaba ɗaya ya mayar da su Outlook.com. A wannan shekarar ce Yahoo ya rufe tsohon shafinsa da mutane suka saba da shi, ya kuma saki sunayen akwatunan da aka yi wata 12 ba a shiga ba domin wasu su ɗauka. Ta haka adireshin da wani ya rubuta a takardar neman aiki zai iya komawa hannun baƙo. Wannan shekara dai ita ce aka yi wa Yahoo kutsen da daga baya, a 2017, kamfanin ya amsa cewa ya shafi dukan asusunsa, kimanin biliyan 3.

Sauyin da ya fi taɓa mutumin karkara bai yi ƙara ba. Gmail yana da wani sassauƙan shafi, marar ado, wanda ke buɗewa ko da sabis ya yi rauni ƙwarai, ko kuma kwamfutar ta tsufa. A farkon 2024 Google ya janye shi, ya bar cikakken shafin, wanda sai burauza ta ɗauko kaya masu nauyi kafin a ga layi ɗaya na wasiƙa. A inda sabis yake da ƙarfi ba wanda ya lura. A inda sai an fita bayan gida ko an nemi tudu kafin waya ta kama, bambancin shi ne tsakanin shafi ya buɗe da ya tsaya yana juyi har data ta ƙare. Daɗin daɗawa, a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, saboda haka kowane juyi na banza kuɗi ne.

Sai batun ma'ajiya. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta na tarayya ne tsakanin Gmail da Drive da Photos, kuma tun 1 ga Yuni 2021 hotunan da waya ke turawa suna shiga cikin lissafin. Idan ma'ajiya ta cika, wasiƙa ba ta shigowa. Takan koma wa mai aikowa, shi kuwa mai akwatin yana zaune yana zaton an manta da shi. Hotunan biki ɗaya da bidiyonsa sun isa su tare wa takardar gayyatar ganawa hanya. Yahoo, wanda ya yi shekaru yana ba da terabait 1, ya rage na masu kyauta zuwa gigabait 20 a 2025. Jami'o'i ma ba su tsira ba, domin daga 2022 Google ya daina ba makarantu ma'ajiya marar iyaka, ya ƙayyade terabait 100 ga kowace makaranta ta raba tsakanin mutanenta. Har ila yau, tun Disambar 2023 kamfanin ya ba kansa ikon goge asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba. Yaron da aka buɗe wa imel don jarrabawa, ya koma gona ko kasuwa, sa'an nan bayan shekara 3 ya sami halin komawa karatu, shi ne irin wanda wannan doka ke kamawa.

Abin da manhaja ke magancewa, da abin da ya fi ƙarfinta

Babban amfanin manhajar kwamfuta ga mutumin Kademi shi ne ta raba aiki gida biyu: lokacin haɗuwa da intanet, da lokacin karatu da rubutu. Ɗalibi zai iya haɗa kwamfutarsa da waya na minti 5 a inda sabis yake, manhaja ta ɗebo sababbin wasiƙu, ya kashe data, ya koma ɗaki ya karanta gyaran malami a tsanake, ya rubuta amsa ya ajiye ta a layin fita, in an sake samun sabis ta tafi. Darajar wannan ta bayyana ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta dagule a ƙasashe da dama, da kuma ƙarshen Oktoban wannan shekara, da Kano da sauran jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Mai wasiƙunsa a cikin kwamfuta, in ya sami caji daga sola ko janareta, aikinsa bai tsaya ba.

Amfani na biyu shi ne kwanciyar ido. Ko kamfani ya sake fasalin shafinsa sau goma, fuskar manhajar tana nan yadda aka saba, kuma akwati uku ko huɗu, na Gmail da na Yahoo da na jami'a, suna haɗuwa wuri ɗaya.

Amma fa kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Manhaja ba ta hana kamfani rufe asusu, ba ta ƙara faɗin rumbu, kuma ita kanta sauye-sauyen sun taɓa ta. Ranar 30 ga Mayu 2022 Google ya daina karɓar suna da kalmar sirri zalla daga manhajojin waje, Microsoft kuma ya yi haka ga masu Outlook.com da Hotmail ranar 16 ga Satumba 2024. Yanzu ana bin wani tsari mai suna OAuth, inda manhaja ke buɗe tagar kamfanin, mutum ya shiga a can, kamfanin ya ba manhajar takardar izini ba tare da ta riƙe kalmar sirrin ba. Tsohuwar manhajar da ba ta san wannan tsari ba, irin Windows Live Mail da aka daina kula da ita tun 2017, za ta yi ta cewa kalmar sirri ba daidai ba ce, alhali daidai take. A Gmail akwai mafita ta hanyar wata kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16 da ake ƙirƙira don manhaja, amma ba a ba da ita sai ga wanda ya kunna tantancewa mai mataki biyu.

POP ko IMAP

Wannan ita ce tambayar da manhaja ke yi a ranar farko, kuma yawancin mutane sukan danna abin da aka gabatar musu ba tare da sun san bambancin ba. POP ya fara a 1984. Aikinsa kamar na ɗan aike ne da zai je gidan waya ya kwaso wasiƙu ya kawo gida; ana iya umartarsa ya bar kwafi a rumbu, ana iya cewa ya share. IMAP kuwa, wanda Mark Crispin ya ƙirƙira a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1986, madubi ne: abin da ke rumbu shi ne ke kwamfuta, shi ne ke waya. Wasiƙar da aka karanta a ɗaya za ta nuna an karanta a sauran.

A nan ne ake yin kuskure mai tsada. Mai IMAP yakan ɗauka tunda yana ganin wasiƙunsa ba tare da intanet ba, to ya mallake su. Bai mallake su ba. Madubi ba ya riƙe fuskar da ta tashi daga gabansa. Idan an goge wasiƙa a waya, ko wani ya shiga asusun ya share komai, da zarar kwamfutar ta haɗu da rumbu ita ma za ta share nata. Saboda haka wanda ke da waya da kwamfuta ya fi dacewa ya zaɓi IMAP don sauƙin aiki, amma ya riƙa kwafe muhimman wasiƙu zuwa aljihun gida na manhajar, watau wanda ba ya da alaƙa da rumbu. Takardar shiga makaranta, da rasidin biyan kuɗi, da babukan kundi da malami ya gyara, can ne mazauninsu. Manomin da ya san aikinsa ba ya barin iri a rumbun haya.

POP yana da nasa wuri, musamman ga wanda akwatinsa ya kusa cika kuma ba shi da niyyar biyan kuɗin ƙari: sai ya kwaso tsofaffin wasiƙu gida, ya sauƙaƙa wa rumbu. Sai dai daga ranar nauyin tsaro ya koma kansa. Kwamfuta takan lalace, akan sace ta, ƙurar hunturu da zafin bazara ba sa raga mata. Dole a sami kwafi na biyu a filash ko wata ma'ajiya dabam.

Akwai kuma tarkon data. Sabuwar manhaja, in aka ƙyale ta, za ta nemi ɗebo wasiƙun shekara 10 da duk abin da aka liƙa musu a zama ɗaya. Kafin a bar ta ta fara, sai a shiga saitinta a ƙayyade mata kwanaki, a ce na kwana 30 na baya, a kuma hana ta ɗauko wasiƙar da nauyinta ya wuce wani adadi sai an nema. Babban kwason farko a bari sai an je makaranta ko wani wuri mai intanet marar ƙidaya. Yana da kyau a san cewa takardar da aka liƙa wa imel takan ƙara nauyi da kimanin kashi ɗaya cikin uku saboda yadda ake juya ta zuwa haruffa, kuma Gmail ba ya liƙa abin da ya wuce megabait 25.

Wace manhaja

Ga mai kwamfutar Windows, zaɓin da ya zo da ita ya canza. Ƙaramar manhajar wasiƙa ta Windows 10 da 11 an daina tallafa mata ranar 31 ga Disamba 2024, aka maye gurbinta da sabon Outlook. Sunan ne ɗaya da tsohon, amma ginin dabam: sabon ya fi kusa da shafin intanet da aka sa wa firam, na kyautarsa yana nuna talla, kuma idan aka haɗa shi da akwatin Gmail ko Yahoo, wasiƙun kan bi ta rumbun Microsoft. Ga wanda ke gudun dogaro da kamfani ɗaya, wannan ƙarin kamfani ne na biyu. Tsohon Outlook, wanda ke cikin tarin Office, ƙaƙƙarfa ne wajen aiki ba tare da intanet ba, amma na kuɗi ne, kuma yana ajiya a cikin fayil irin nasa mai suna PST, wanda ba kowace manhaja ke buɗewa ba. Kwafin sata da ake girkawa a kasuwa kuwa bai dace da wurin da za a ajiye asirin mutum ba.

Idan aka auna da ma'aunin ɗalibi, Thunderbird ce ta fi rinjaye. Ta fito daga gidauniyar Mozilla, cikakken bugunta na farko ya fita a Disambar 2004, kuma tun 2020 wani reshe na gidauniyar mai suna MZLA ne ke kula da ita. Kyauta ce, ba ta talla, tana aiki a Windows da Mac da Linux, ta san OAuth, kuma tana ajiya a tsarin mbox, wanda tsohon tsari ne buɗaɗɗe da manhajoji da yawa ke karantawa. Wannan batu na ƙarshe ya fi yadda ake zato muhimmanci, domin idan mutum ya nemi Google ya ba shi dukan wasiƙunsa ta hanyar Google Takeout, a tsarin mbox zai karɓe su. Tana da nata aibin. Tana da ɗan nauyi ga kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi, ita ma ta sauya fuska a bugu na 115 a 2023 har wasu suka yi gunaguni, kuma wannan bugu shi ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7 da 8. Tunda yawancin kwamfutocin da ɗalibai ke saya na hannu ne, wannan abin dubawa ne tun a wajen ciniki. Windows 10 ma Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025. Mai tsohuwar kwamfuta ƙwarai zai iya gwada Claws Mail, wadda ba ta da nauyi ko kaɗan, sai dai tana bukatar haƙuri wajen saiti. Mai Mac kuwa manhajar da ta zo da ita ta wadatar.

Gaskiya ce a ce akasarin mutanen yankin a waya suke duba imel, ba su da kwamfuta. Su ma an tuna da su: aikin Thunderbird ya karɓi manhajar K-9 Mail a 2022, kuma a Oktoban 2024 aka fitar da Thunderbird ta Android. Amma waya wurin karatu ce, ba wurin ajiya na dindindin ba.

Haruffa masu lanƙwasa

Ga ɗalibin Sashen Hausa akwai gwajin da ya wajaba kafin ya amince da kowace manhaja, watau ya aika wa kansa wasiƙa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, a cikin take da cikin jiki, ya buɗe ta a waya da kuma a shafin kamfani. Idan yana mu'amala da 'yan Nijar sai ya ƙara da ƴ, wadda su ke rubutawa a inda 'yan Nijeriya ke sa 'y. Kafin tsarin Unicode ya game duniya, marubutan Hausa sun dogara da zanen haruffa na musamman, irin Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Sun yi babban aiki a zamaninsu, amma dabararsu ita ce ɗora harafi mai lanƙwasa a gurbin wata alama, don haka wanda ba shi da zanen a kwamfutarsa wata alama dabam zai gani. A jikin imel wannan dabara ba ta da amfani. Abin da ake bukata shi ne allon rubutu na Hausa, wanda Windows ke ɗauke da shi, da kuma manhaja mai aikawa a tsarin UTF-8. Tsohon kundin da aka buga da waɗancan zanuka gara a mayar da shi PDF kafin a liƙa, in ba haka ba malami zai karɓi babin da ba a bambanta "ƙafa" da "kafa" ba.

Layin waya da kwamfutar haya

Duk wannan gini yana tsaye ne a kan ɗan ƙaramin katin waya. Tantancewa mai mataki biyu takan turo lamba ta saƙon tes, kuma lambar wayar ita ce hanyar farfaɗo da asusu idan an manta kalmar sirri. Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layi da lambar NIN, kuma a 2024 an toshe layuka masu yawa a kan haka. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin waya kan sake sayar da shi. Wanda layinsa ya tafi ta ɗaya daga waɗannan hanyoyi, manhajarsa za ta ci gaba da aiki na wani lokaci, amma ranar da kamfani ya nemi a sake tantancewa ƙofa ta rufe. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. A rubuta su a takarda, a ajiye tare da takardun shaidar karatu.

Akwai wuri ɗaya da shawarar girka manhaja take juyewa ta zama haɗari, shi ne kwamfutar da ba ta mutum ba. A shagunan buga takardu da cike fom na Gaya da Wudil da makamantansu, kwamfuta ɗaya hannu da yawa ke taɓa ta a yini. Manhajar da aka haɗa da akwatin mutum a can za ta kwafe wasiƙunsa ta ajiye, kuma duk wanda ya zauna bayansa zai karanta ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. A irin wannan wuri shafin kamfani ne daidai, a tagar sirri ta burauza, a kuma fita daga asusun kafin a tashi. Wanda mai shago ya buɗe wa imel a ranar rajista, ya duba lambar wayar farfaɗowa da ke cikin asusun tun kafin ya bar shagon, domin sau da yawa ta mai shagon ce ke ciki.